Gangaren Bayan Gada

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Anti da yara.

Na yi abin da na san za ka yi faɗa: na sa sunana a tseren keke na sababbin shiga. Iyakata in hau daga gida zuwa shagon maganin da nake aiki, ni kaɗai, ban taɓa shiga tsakiyar mahaya ba. An ce akwai gangare bayan gada, da kwana a ƙarshensa. Kai da ka shekara kana tsere, me zan yi?

Ƙanwarka,
Auta

Auta,

Wa'alaikumus salam. Duk muna lafiya, sai dai wasiƙarki ta hana ni cin abinci.

Da zan iya hana ki da na hana, amma na san taurin kanki. To, saurara. Ki sayi hular kwano sabuwa, kada ki ara. A canza miki birki. Cikin mutane kada ki danne shi da ƙarfi, na bayanki zai hau ki. Ki daina kallon tayar na gabanki, kafaɗarsa za ki kalla. A gangaren ki rage gudu kafin kwana, ki bi gefe, ki bar masu sauri su wuce.

Kun ɗauka aure ne ya raba ni da keke. A kwanar nan abokina Dogo ya faɗi a gabana. Yana nan da rai, amma duk zuwan da na yi sai ya tambayi matarsa, "Wane ne wannan baƙon?"

Allah ya tsare min ke.
Yayanki

Yaya,

Barka da war haka. An yi tseren. Kwantar da hankalinka, ko ƙwarzane ban yi ba.

Na bi gefe kamar yadda ka ce. Muna shiga kwanar na ji ƙarar ƙarfe, kekuna suka hau juna. Wata yarinya da muka yi ta raha da ita a wurin tashi ta zube kusa da ni. Na sauka na riƙe mata kai, tana ta cewa, "Anti, ba na jin ƙafafuna." Ban sake ta ba sai da motar asibiti ta zo.

Ban ƙarasa tseren ba. Da na zo hawa in koma gida, ƙafata ta ƙi ɗaguwa. Turo keken na yi. Yanzu a ƙasa nake zuwa aiki, ko ƙararrawar keke na ji a bayana sai in zabura.

A gaida Anti.
Auta

Auta,

Sannu, Allah ya ba yarinyar lafiya.

Ina tafe ranar Asabar. Ki ba tayoyin iska, ki aro min wani keken wajen maƙwabta, mu hau tare. Filin makarantar bayan gidanku ya ishe mu. Ki yi haƙuri da ni, rabona da keke tun faɗuwar Dogo.

Sai na zo.
Yayanki