Ƙorafi Kan Sace Mani Damin Karan Awon Ƙafa

Daga: Usuman Mai Takalma,
Layin 'Yan Takalma, Kasuwar Bagudo.

Zuwa ga: Mai Girma Sarkin Kasuwar Bagudo.

17 ga Maris, 2025.

Game da: Damin karana da ke hannun Mutawakkil mai odar waya

Ranka shi daɗe, bayan gaisuwa da fatan ana shan ruwa lafiya, ni Usuman, wanda kwalekwale ya kife da shi sau biyu a kogin Kwara ya fito da kayansa bisa kai, ina kawo kuka kamar haka:

1. Shekara arba'in da ɗaya ina sayar da takalma. Ban shiga aji ba, ban san lamba ba, kuma ban taɓa ba mutum takalmin da ya matse shi ba. Duk wanda ya zo, kara nake yankewa daidai tsawon ƙafarsa, in yi masa shaida da haƙori, in aje. Ƙafafun mutanen garuruwan Geza da Bahindi duka suna cikin damin nan, har da na mamata, don ban zubar da amana.

2. Bara Mutawakkil ya kafa tebur bakin tasha, yana nuna wa mutane hoton takalmi a waya, bayan mako mota ta kawo. Ban yi magana ba. Gobarar kasuwa ma ba ta tashe ni ba, balle tebur.

3. Ranar Juma'a, 14 ga wanga wata, ina masallaci, ya je ya gaya wa maiɗakina Iyatu wai ni na aiko shi ɗaukar damin. Ta ba shi, har da ruwan alwala.

4. Ranka shi daɗe, yaron bai iya karatun kara ba. Wanda ya zaro kawai yake aunawa. Ina da labarin ya yi wa Ladan Badamasi oda da karan wata marigayiya, ya yi wa amarya Zuhura da na Abbas mahauci, mutumin da sai na haɗa kara biyu. Ga salla saura mako biyu. Idan jama'a suka tafi Idi suna ɗingishi, sunana za a kira, don kowa ya san karan nawa ne.

Saboda haka ina roƙo cikin ladabi a sa shi ya maido mani damin, cif, kafin kasuwa mai zuwa, kuma a hana shi kusantar Iyatu da saƙon ƙarya. Ban nemi a rufe teburinsa ba, takalmansa za su rufe shi.

A ƙarshe, ina tunatar da Mai Girma cewa karanka biyu suna ciki, na dama da na hagu, kuma ka san ba tsawonsu ɗaya ba. Shekara ashirin bakina a rufe. Mutawakkil kuwa har abincin da ya ci yana sawa a waya.

Allah shi ƙara girma.

Naka mai biyayya,
Usuman Mai Takalma
(Malami mai rubuta takardu ya rubuta, ni na dangwala yatsa)