Gaisuwar Lubna a Ɗakin Intabiyu

Mafoni, Maiduguri
Laraba

Zuwa ga ƙanena Kashim,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, kai da Muhsinat da yara. Yaya ƙafar Habib, ya fara takawa? Mu nan sai godiya.

Na yi ta kiranka ba ka ɗauka, shi ya sa na ɗauki biro. Wataƙila hakan ya fi, don ka san ni, a waya muryata ba ta kaiwa inda nake so.

Ba na wurin, abin da 'yata Lubna ta faɗa mini zan faɗa, in da ƙari ka gyara mini. Jiya ta je kamfaninku intabiyun aikin kula da manyan abokan ciniki, masu amfani da na'urorinku na POS. Ba ta san kana cikin masu tambayar ba. Da ta shiga ta gan ka kusa da wata Madam Dorothy da ta zo daga Legas, sai ta cire takalmi ta durƙusa ta gaishe ka, yadda kai ma kake yi wa kawunmu na Konduga har gobe. Madam ta tambaye ka ko ka san ta. Ka yi dariya ka ce ba ka taɓa ganinta ba, haka yaran Barno suke gaida duk mai furfura.

Kashim, kai fa ka yi mata huɗuba a kunne.

Daga nan aka ce ka zama ɗan kasuwar da na'ura ta ƙi masa aiki ana tsakar ciniki, ita kuma ta lallashe ka kada ka koma wani kamfani. Wannan ta iya shi. Tun watan jiya muke gwadawa a tsakar gida, ni ce dillaliyar kifi mai masifa, har maƙwabta suka leƙo ko lafiya. Amma kai ka dinga buga tebur, wai ta ɗago ta dube ka, ta kira sunanka kamar kowane abokin ciniki. Da wane bakin? Kanta na ƙasa har lokaci ya ƙare. Ta dawo gida ko abinci ba ta ci ba.

Ba na son in yi maka mummunan zato, ina tsoron alhakinsa. Amma ina jiran bayani.

Yayarka,
Zainaba

Mafoni
Asabar

Kashim,

Assalamu alaikum. Ina fata kun tashi lafiya. Muhsinat ta zo, na gode da zumar da ta kawo. Da kai ka zo da hannu biyu wayam, da ya fi mini.

Na ji bayaninka daga bakinta. Wai dokar kamfani ba ta yarda ɗan'uwa ya yi aiki ƙarƙashin ɗan'uwansa ba, kuma duk wanda aka ɗauka ƙarƙashinka zai zauna. Ka ga sunan Lubna tun farko ka yi shiru, don ka taimake ta ba tare da kowa ya sani ba, gaisuwarta ce ta ɓata maka shiri, tsawar kuma don ka kawar da zargi ne. To, na yarda nufinka ke nan. Amma in haka ne, me ya hana ka gaya mini? Na san abin da ya hana ka. Ka san ba zan yarda ba.

Sai saƙonka na biyu. Direban ofishinku, wanda ya kawo ka gaisuwar sallah, ya gane Lubna ya gaishe ta a gaban Madam, yanzu Madam ta fara zargi, ta ce Lubna ta dawo ranar Litinin. Kana so in an tambaye ta, ta ce kai tsohon maƙwabcinmu ne kawai.

Ba za ta faɗa ba. Tsangaya ɗaya muka zauna da kai a gaban Malam Umara, allona ka gada. Ban san a wace sura ka karanta cewa ana neman halal da ƙarya ba. Kuma in ta samu aikin a haka, kullum za ta wuce ka a tsaye ta ce maka Oga, ta dawo gida ta ce maka Kawu? Har yaushe? Ranar aurenta wa za a ce shi ne waliyyi, maƙwabci?

Muhsinat ta ce in tuna kai ma aikinka na cikin haɗari. Na tuna, ina kuma yi maka addu'a bayan kowace salla. Amma ba Lubna ta saka ka a ciki ba. Kada ka kira ta a waya ta bayan idona. Tana jin nauyinka, za ta iya amsa maka abin da zai dame ta har tsufanta.

A gaida yara.

Zainaba

Mafoni
Alhamis

Ƙanena Kashim,

Assalamu alaikum. Yaya gida, yaya haƙuri? Na ji an ba ka takardar gargaɗi, an cire ka daga masu ɗaukar ma'aikata, amma kujerarka tana nan. Alhamdu lillahi. Ban yi murna da abin da ya same ka ba, ko da ka zaci haka.

Lubna ta faɗi gaskiya. Ta ce tambayar farko da ta yi wa Madam ita ce ko za a kore ka. Aka sake mata intabiyu da wani Prince, ta kwamfuta daga Legas. Shi ya zama ɗan kasuwar, ya yi ta faɗa, ta bar shi ya sauke, ta tambaye shi wane lokaci na'urar ke tsayawa, ta ce za ta zo shagon da ƙafarta kafin la'asar. Sun ce ta ci.

Sauran ka riga ni sani. Nan Maiduguri ba dama, tunda kai ne babba. Reshen Gombe suka ba ta, ta kuma karɓa, ni na ce ta karɓa.

Muhsinat ta isar mini da maganarka, cewa da na bi shawararka da yarinya tana gabana. Haka ne. Tun rasuwar mahaifinta ita kaɗai ta rage mini a gidan nan, ita ke duba mini awon suga, ita nake yi wa tilawa ta kama mini kuskure. Na san abin da na rasa, ba sai an aiko a ƙirga mini ba. In ka sake aiko da irin wannan, ba zan amsa ba.

Ranar Lahadi da safe za ta tafi. Kai za ka kai ta tasha, ka damƙa ta a hannun direba, ka gaya masa 'yar wa ce. Ba don na huce ba. Ba ta da uba, kai ne namijin da ya rage. Ni ba zan je ba, ƙafafuna ba za su dawo da ni gida ba.

Ka zo da wuri, kayan da yawa.

Yayarka,
Zainaba