Ban Kai Yuliana Filin Jirgi Ba

Nubia,

Na wuce garejin Efraín kafin ki taso aiki. Tsohuwar jif ɗinmu ta sake yin zafi jiya a hawan tudun Silvania, muna hanyar filin jirgi, lagireto ya fashe. A bakin titi na tare wa Yuliana bas. Hannuna duk baƙin mai, ga ta da farar riga, ko rungumarta ban iya yi ba. Ta ce, "Ba komai Baba, sai na dawo." Kin san ba kusa ba ne.

Efraín ya ce injin ma ya taɓu, gyaran ya fi kuɗin motar. In Yuliana ta kira daga Madrid, ce mata mota lafiya lau. Ko aiki ba ta samu ba tukuna, kada ta fara da damuwarmu.

Hernán