Farin Layi a Goshin Dogo

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, yaya ƙafar taki? Ina fata kin daina hawa kujera kina share yana, ko da yake na san da bango nake magana. Ki gaishe da Baba da Yaya da yaranta.

Kin tambayi aiki. Aiki ga shi nan, alhamdu lillahi. Wani ɗan ɗaki aka ba ni a ƙarshen baranda, da tebur, da kwamfuta, da na'urar buga katin shaidar ma'aikatan kamfani. Na'urar ba ta kai keken ɗinkinki girma ba, amma ta fi mai ciki tsirfa. Ƙura kaɗan ta shige ta, sai ta ja wa mutum farin layi a fuska. A taɓa kati da yatsa mai maiƙo, launi ya ƙi kama wurin.

Abin da ya sa na zauna rubutu, wata tsohuwa ce ta zo shekaranjiya, 'yarta na riƙe da hannunta. Mahaifiyar wani direbanmu ce da ake kira Dogo, wanda mota ta kama da wuta da shi a hanya watan jiya, Allah ya jiƙansa. Ban taɓa ganinsa ba, direbobi ba sa leƙo ofis. Wayarsa da katinsa duk sun ƙone, shi kuma mutum ne da ko a taro aka ɗaga waya sai ya juya ƙeya. Hoton da ke kwamfutata shi kaɗai ya rage. Ita kuwa tsohuwar, idonta ɗaya ya riga ya tafi, ɗayan ma likita ya ce yana kan hanya. So take ta ga fuskar ɗanta kafin duhu ya rufe.

Na ce a wanke mata babba a takarda, ta ce a'a, irin wanda yake ratayawa a wuya take so. Hoton ma ƙarami ne, in aka faɗaɗa shi dagulewa yake. Oga ya yarda na buga a katin da ba ya buɗe ƙofar kamfani kamar na ma'aikata. Nan take na buga, ya fito baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, ido da haƙori kawai ake gani. Ta kai shi taga, ta matso da shi har hancinta, ta daɗe, sannan ta miƙo mini. Ta ce ɗanta wankan tarwaɗa ne. Inna, kunya ta rufe ni. Na roƙe ta ta ba ni kwana biyu.

Ki sa ni a addu'a.

Taki,
Auta

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Na ji daɗin jin ƙafa ta yi sauƙi. Yaya Baba da tarin? Ki ce masa magani ba ado ba ne da za a jera a kan taga.

Inna, na yi aika-aika, kuma ban da ke ban san wanda zan gaya wa ba.

Na duƙufa kan katin Dogo kamar yadda na yi alkawari. Launin na'urar daga wata siririyar leda yake fitowa da muke kira ribon, rawaya da ja da shuɗi da baƙi, suna hawa kan kati ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka saita ta ba su yi lissafin irin fatarmu ba. In na ƙara haske ya koma fari fat kamar mai jinya, in na rage ya koma ja kamar an shafa masa manja. Haka na yi ta lallaɓawa, ina bugawa ina kai wa abokan aikinsa a gareji, har wani dattijon makaniki ya kalli ɗaya ya kau da kai ya share ido. Nan na san fata ta zauna.

Sai dai wani farin layi siriri da ya ƙi barin goshinsa, daga gira ya nufi gashi. Na goge na'ura, na share kan da ke buga launin, na canja katuna, layi na nan. Da na duba kwamfuta na ga ashe a jikin hoton yake. Na ce lalle ƙarzuwa ce daga tsohon hoton takarda da aka kwafa. Na zauna na shafe shi tas, har ina yaba wa kaina. Katin da ya fito, ban taɓa buga mai kyansa ba.

Tsohuwar ta zo, ta kai shi taga. Ta ce fatar ita ce, hancin shi ne. Sai na ga tana yawo da katin gaban idonta tana neman wani abu. Ta tambaye ni ina tabonsa. Wai yana rarrafe ya faɗa kan bakin murhu, ita ta ɗan juya baya tana wanke-wanke. Ko da ya zama magidanci, in ya durƙusa gaishe ta, wurin take fara taɓawa. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi, da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ta yi kyakkyawa ne wannan yaron, amma ba ta san shi ba.

Hoton asali yana nan, ban taɓa shi ba. Na juya zan sake bugawa, na'ura ta ce ribon ya ƙare. Gwaje-gwajena sun cinye shi, wanda aka yi odarsa kuma bai iso ba. Katunan gwajin ma duk na yanke su, haka dokar ofis take. Kullum da safe sai na leƙa sito, har mai sito ya fara ɓuya in ya hango ni.

Taki,
Auta

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ke da Baba da duk gida. Na ga saƙonki, na gode da lallashi. Kin ce kuskure ne ba mugunta ba, na sani, amma ido ba ya jiran mutum.

Ribon ya iso bayan mako uku. Ban ko ajiye jaka ba na buga. Fata ta fito daidai, tabo na nan a inda Allah ya sa shi. Ban jira tsohuwar ta zo ba, na nemi izini na tafi gidanta.

Na same ta zaune a bakin ƙofar ɗaki tana fuskantar rana. Da muryata ta gane ni. 'Yarta ta ja ni gefe ta ce tun makon jiya haske da inuwa kawai take bambancewa. Na ba ta katin duk da haka. Ta ɗaga shi sama, ta juya shi, ta kai shi har gashin idonta. Daga baya ta sauke shi cinya tana shafawa da babban yatsa. Kin san katin nan, sumul yake kamar gilashi, ba abin da hannu zai ji. Ta tambaye ni ko na mayar masa da abinsa. Na ce na mayar. Ta ce ta yarda, Allah ya yi mini albarka. Amma yatsan bai daina nema ba.

Inna, ban san inda dabarar ta fito ba. Na roƙi 'yarta allura. Ni da ba na barin kowa ya taɓa kati sai ta gefe, na ɗora shi a gwiwa, na bi farin layin nan da tsinin allura, daga gira zuwa gashi. A hankali na bi, kada na zarce. Na hure shi, na mayar mata.

Yatsanta ya bi haɓa, ya bi hanci, ya hau goshi, ya tsaya. Ta kira shi da sunan da take kiransa yana yaro, ta ce masa sannu da hanya.

Na lallaɓa na fito ban yi sallama ba. Ki roƙa masa gafara, ita kuma Allah ya ba ta haƙuri. Ina nan zuwa ƙarshen wata in Allah ya yarda.

'Yarki mai kewarki,
Auta