Mai Gyaran Sikal

Daren Talata, unguwar Ka'akiyya

Har yanzu raina a ɓace yake. Ɗazu 'yata Maryam ta nuna mini bidiyo a waya kan yadda tseren keken BMX ya fara a ƙasar nan. Sai ga tsohon hotonmu a fili kusa da Muzdalifa, inda muke tara ƙasa mu yi tudun tsalle in alhazai sun watse. Kowa an rubuta sunansa. Ni kuwa aka sa "Takaruni mai gyaran sikal," wato baƙin Afirka mai gyaran keke.

Ni da na ci tseren ranar, na bar abokin karawata Fahad yana shaƙar ƙurata. Shi ya ba masu bidiyon hoton, ya hakimce yana cewa su 'yan ƙasa suka fara. Sifanar da ke hannuna a hoton ma, kekensa na gyara masa da ita. A unguwar Misfala aka haife mu duka.

Matata ta ce, "Halas, ya isa haka, ya Abu Maryam, ka bar wa Allah."

Na ce na bar wa Allah, ban bar wa Fahad ba.

Kofin da na ci a tseren yana kan firji, allurai take zubawa ciki. Gobe zan juye su, in kai masa har gida ya karanta sunan da ke jiki da bakinsa.