Hular Kwanonka Ta Yi Ƙaura

Zuwa ga mahaifina, Malam Isa Mai Kwalta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da kai a hukumance, tare da duk masu leƙen wannan takarda, cewa hular kwanonka ta yi ƙaura. Ranar Juma'a bayan la'asar ta sauka daga ƙusar da ta shekara goma sha ɗaya a kanta, a falona na unguwar Yelwa a nan garin Garwa, ta hau babur ta nufi gidan Yaya Habibu. Ba a yi jawabi ba, gwamna bai halarta ba. Ni na kai ta da hannuna, kuma kada ka ɗauka da farin ciki na kai.

Ka san ban gaji hular nan ta hanyar shari'a ba. Ranar sadakar ukunka na ɗauke ta. Tsofaffin abokan aikinka sun cika ƙofar gida, Fulani da 'yan ƙabilun Tupuri da Masa, har da waɗanda daga coci suka zarce. Kowa ya zo sai ya rungume Yaya Habibu, su yi kuka, su tuna wani hawan dutse ko wani kwalbati. Ni kuwa hannu suke miƙo mini da ladabi, kamar sun zo ofis neman sa hannu. Na shiga ɗakinka na ɗauki hular, na cusa ta cikin babbar riga. Yaya ya gani. Ya kau da kai, kuma kau da kan nan nasa ya fi komai ba ni haushi, domin irin naka ne.

Komai naka shi ya kwashe, Baba. Tafiyarka, tarinka, tabon ƙunar kwalta a bayan hannu. Ni me na samu? Hanci.

Ina tuna dawowarku daga shantiye, wato wurin aikin hanya, idan kun yi wata biyu a hanyar Ngawundere. Shi zai zuba maka kananzir ka goge hannu, ku zauna kan kwano ɗaya kuna dariyar wani direban rola da ban taɓa gani ba. Ni ina gefe da littafi, tsaf da ni, kamar baƙon da ya zo daga Yawunde. Shi kana ce masa sakarai, kana jifansa da takalmi. Ni kuwa tun ina ɗan shekara goma "Malam" kake ce mini. Wallahi na yi shekaru ina neman ka zage ni ko sau ɗaya, ban samu ba.

Wani hutu na roƙe ka ka tafi da ni, ko ruwa in riƙa ba ku. Ka ce, "Ƙafarka ba za ta taka kwalta mai zafi ba, ko ina kabari." Na fassara maganar da kaina, na ce ka ga ba ni da ƙashin aiki. Danginmu 'yan kasuwa suna raina ka don ka zama lebura, kai kuma kana raina ni don ban isa lebura ba.

Ko da aka shiga shekarun matsi, kamfani ya naɗe kayansa, injuna suka yi tsatsa a bakin hanya, ba ka zauna ba. Kai da shi kuka ɗauki shebur kuna cike ramuka da jar ƙasa bayan gadar Binuwai, a zafin Garwa, ba wanda ya aike ku. Ni ina jami'a ina haddace hanyoyin duniya a taswira. Yau labarin ƙasa nake koyarwa a lise, wato sakandare. Na san tsawon hanyar da ka gina, shi kuma ya san ɗanɗanon ƙurarta.

Abu ɗaya ka ware mini. Duk lokacin da muka shiga mota tare, sai ka sa in karanta maka kowane dutsen kilomita da ƙarfi. In karanta, ka gyaɗa kai ka ce, "Haka yake." Ni a ganina jarrabawa ce marar ƙarewa, wadda ba a taɓa ba ni sakamakonta ba.

Watan jiya muka tafi Ngawundere da Yaya Habibu, ɗaurin auren ɗansa. Mota ta tsaya sallar azahar kusa da garin Guna. Na jingina da wani tsohon dutsen kilomita, fentinsa duk ya koɗe, na karanta shi da ƙarfi saboda sabo. Sai Yaya ya yi dariya har tari ya kama shi. Ya ce wannan ɗaya ne daga cikin biyar ɗin.

Ashe kai ka kafa su. Kowane dutse fuska biyu gare shi, ɗaya ta mai zuwa Garwa, ɗaya ta mai zuwa Ngawundere. An ba ka guda biyar, ka yini kana haƙa, kana zuba siminti, ka daidaita su tsaye cir. Duka biyar ɗin a juye, don ba ka karanta boko. Shugaban aiki ya tara leburori ya nuna musu, ya kira ka jaki, ya sa ka tone su da diga ɗaya bayan ɗaya, ɗanka na fari yana tsaye yana kallo. Yaya ya ce ba ka ci abinci ba ranar. Da kuka dawo gida, washegari ka janye ni daga rumfar Kawu a kasuwa ka kai ni lekol, makarantar boko. Na tuna safiyar. Na tuna yadda ka matse mini hannu har na yi kuka, ban san dalili ba.

Ya ce daga baya, duk dutsen da kuka wuce a bayan tifa sai ka zungure shi ka ce, "Da Malam yana nan da ya karanta mana."

To ka ji, Baba. Har labarin da ya shafe ni, shi ka bar wa. Shekara arba'in yana riƙe da shi, yana kallona ina hura hanci. Kada ka ɗauka kishin ya tafi. Yana nan, sai dai yanzu ya rasa wurin zama.

Da na miƙa masa hular, ya juya ta, ya shinshina cikinta, ya ɗora a kan furfurarsa. Ta zauna masa daidai. Ni sau nawa na gwada ta a ɗaki, kullum sai ta rufe mini ido.

Allah ya jiƙan ka, Baba. Allah ya sanyaya makwancinka gwargwadon zafin da ka sha. Duk tayar da ta mirgina lafiya a kan hanyar nan, Allah ya sa ladanta a mizaninka. Allah ya ba Yaya Habibu sauƙin ƙirjinsa, ya bar mini shi, don akwai sauran abin da bai faɗa mini ba.

Ɗanka,
Sani, wanda kake ce wa Malam.

Na ɗauka ba ka so na kusa da kai ne. Ni ma a juye na kafa nawa, Baba. Ka yafe mini.