Kwamina Yana Hannun Wanda Ba Na Iya Faɗin Sunansa

Zuwa ga:
Mai Girma Jami'in Kula da Ƙananan Masu Wankin Zinariya,
Yankin Wau.

Daga:
Yawing Gewasa,
Rafin Bayan Coci, Wau.

14 ga Maris, 2019.

Ranka ya daɗe,

Game da: Riƙe mini kwamin wankin zinariya ba bisa ƙa'ida ba

Bayan gaisuwa ta ladabi, ina gabatar da kukana kamar haka:

1. Ranar 2 ga Fabrairu mahaifin matata ya zo aron kwamina na katako, wanda nake zuba yashi a ciki ruwa ya bi ta kai. Ofishinka ya san suruki ba a hana shi abu, ba a kuma kama sunansa, ko a baki ko a takarda. Na ba shi ina murmushi.

2. Kafet ɗin da ke shimfiɗe a ciki, mai kama garin zinariya, ban riga na wanke shi ba. Duk wahalar watan Janairu tana jikinsa. Kunya ta hana ni cirewa a gabansa, kada a ce na ɗauke shi ɓarawo.

3. Ashe ba rafi ya nufa ba. Ranar 9 ga wata na tarar da aladensa yana cin dankali a cikin kwamin, kafet kuwa ya zama katifarsa. Na gaishe da dattijon, ya nuna mini yadda dabbar ta yi ƙiba, na ce madalla.

4. Tun daga nan aladen nan ƙyalli yake yi idan rana ta fito. Maƙwabta har layi suke yi don yi masa wanka kyauta, kowa da kaskonsa a ƙasa yana tarar ruwan. Ɗaya daga cikinsu ya sayi sabon rediyo, kuma a ƙofata yake kunna shi.

5. Na tura matata ta yi magana, ta dawo da ƙunshin dankali da saƙon godiya. Damina tana ƙarewa, ranka ya daɗe. Idan rafi ya ja baya, kwami ba shi da amfani sai baɗi, ni da iyalina sai mu ci hamma.

Saboda haka ina roƙon ofishinka ya zo gidan dattijon da rana tsaka, ya ƙwace kwamin da kafet bisa wani laifi nawa, kowanne aka ga ya dace. A kira sunana da ƙarfi, a ci mutuncina a gabansa, zan sunkuyar da kai. Daga baya sai in biyo ta ƙofar baya in karɓa. Kada a ce masa ni na rubuto.

A kuma ajiye kwamin a ofis har in yi shiri, domin ranar da ya ji ya dawo hannuna, wallahi zai sake zuwa aro, ni kuma zan sake ba shi.

Naka cikin biyayya da ƙasƙantar da kai,

Yawing Gewasa